Kwaɗi masu jan ciki a Damagaram: wa ya san yadda ake riƙonsu?

Ɗan Garin Malam:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wurin masu sani. Wata baƙuwa da muka yi aiki tare ta gama wa'adinta ta koma ƙasarsu, ta bar mini akwatin gilashi da ƴan kwaɗi uku a ciki. Ƙanana ne, kowane bai wuce santimita 5 ba. Bayansu kore ne da ɗigo-ɗigon baƙi, cikinsu kuwa ja jawur da zanen baƙi. Ta rubuta mini sunansu a takarda, Bombina orientalis, ta ce in riƙa ba su ƙwari masu rai, kada kuma in bar su a rana. Iyakar bayanin ke nan, don tana saurin kama mota zuwa Yamai. Ni kaji da tantabaru na iya kiwo, wannan ban san kansa ba. Yara sun ƙwallafa rai a kansu, kullum suna tsugune gaban gilashin. Me zan ba su, wane ruwa zan sa musu, kuma za su rayu a garin nan?

Mai Tantabaru:
Wa alaikumus salam. Malam, kwaɗo fa ka ce? Da damina ga su nan cike da gari, sai mun kore su daga bakin randa. Ka kai su tabki ka sake su su bi ƴan uwansu, ai ya fi musu zaman gilashi.

Malamar SVT:
Don Allah Malam Ɗan Garin Malam kada ka sake su. Ni malamar SVT ce, wato ilimin halittu da ƙasa. Zan dawo kan dalilin, amma bari in fara da ko su wane ne. Asalinsu Koriya ne da arewa maso gabashin Sin da gabashin Rasha can ƙurya, wuraren da ƙanƙara ke sauka da sanyi. A can suna zaune a bakin ƙoramu da ƙananan kududdufai da fadamun shinkafa, rabin rayuwarsu cikin ruwa marar zurfi, rabi a tudu. Suna da dangi a Turai, akwai Bombina bombina mai jan ciki, akwai Bombina variegata mai rawayan ciki. Masu kiwon irin waɗannan dabbobi sukan ce su ne mafi sauƙi ga ɗan koyo, kuma gaskiya ne, amma masu faɗin haka a ƙasashen sanyi suke zaune. Zafin da ya dace da su daga digiri 18 ne zuwa 24. In ya haura 27 ko 28 ya daɗe a haka, wahala ta fara. Yanzu muna cikin Janairu, dare na sauka wajen digiri 15, shi ya sa kake ganinsu garau. A Afrilu da Mayu kuwa kowa ya san garin nan na kaiwa 40 har ya wuce. Kuma ka sani suna daɗewa, shekara 10 zuwa 15 ba abin mamaki ba ne a hannun mai kula, wasu har 20. Wato ba bazara ɗaya za ku haye tare ba.

Ɗan Garin Malam:
Malama, na gode ƙwarai. Shekara 15! Wallahi na ɗauka abin ƴan watanni ne. Ita baƙuwar ɗakinta da kilim, na'urar sanyaya ɗaki, dare da rana. Ni ɗakina na tol ne, fanka kawai gare ni, ita ma sai in akwai kuran.

Mai Kifin Ado:
Yaya, ni kifin ado nake riƙewa a gida shekara da shekaru, don haka akwatin gilashi da ruwa na ɗan san halinsu. Fara da gidan nasu. Auna mana akwatin. Uku suna buƙatar kamar santimita 60 a tsawo, 30 a faɗi, wajen lita 40 zuwa sama. Faɗin ƙasa ya fi musu amfani a kan tsayi. Raba shi biyu: gefe ɗaya ruwa mai zurfin santimita 5 zuwa 10, ɗaya gefen tudu. Ba gwanayen ninƙaya ba ne, abin da suka fi so shi ne su yi lamo a kan ruwa, ƙafafu a baje, ido da hanci a waje, ko su zauna inda ƙafarsu ke taɓa ƙasa. Ka yi musu gangare da faffaɗan dutse mai santsi yadda za su fita ba wahala. Duwatsu ai ba ma rasa su a Damagaram, sai dai ka wanke su da tafasasshen ruwa, ban da sabulu. Kada ka zuba ƙananan tsakuwa, domin wajen cafkar abinci sukan haɗiye ta ta toshe musu hanji. Ko dai manyan duwatsun da ba za su shiga bakinsu ba, ko ka bar ƙasan gilashin haka nan, ya ma fi sauƙin wanki. A tudun ka kifa musu kasko ko fasasshen tulu su samu wurin ɓuya.

Sai murfi. Wannan kada ka yi wasa da shi. Suna manna jiƙaƙƙen cikinsu a kusurwar gilashi su hau har sama. Wanda ya fito cikin iskar hunturun nan, kafin gari ya waye ya bushe a bayan kabad. A yi murfin da raga irin ta taga, ya zauna daram, iska na shiga. Ban da rufewa da gilashi ko leda, zafi zai tara.

Ɗan Garin Malam:
Na auna, 60 ne da 35. Murfin raga ne amma gefe ɗaya ya ɗan ɗage. Yanzu na ɗora masa bulo kafin in kai wa kafinta. Ruwan fa? Tun da ta tafi ban canza ba, ina tsoro.

Mai Kifin Ado:
Canza shi da wuri. Ruwan pampo yana da sinadarin kulorin da ake sawa don kashe ƙwayoyin cuta. Mu ba ya cutar da mu, amma kwaɗo ba ya shan ruwa da baki, ta fatarsa yake tsotsa, musamman fatar ƙasan ciki, saboda haka duk abin da ke cikin ruwan kai tsaye yake shiga jikinsa. Ka zuba ruwan a buɗaɗɗen bokiti ya kwana ɗaya ko biyu, kulorin zai fita da kansa. In ka samu maganin da masu kifi ke ɗigawa a ruwa don kashe kulorin, ya fi, nan take yake aiki. Ka ware musu bokitinsu da soso nasu, waɗanda omo ko jabel, wato ruwan bilic, ba su taɓa taɓawa ba. Tun da ba ka da injin tace ruwa, ka riƙa kwashe kamar rabi duk bayan kwana biyu ko uku, sau ɗaya a sati kuma ka wanke gaba ɗaya. Su da kansu suna ɓata ruwansu da kashi da kuma dafin da fatarsu ke fitarwa. Sabon ruwan ya zama sanyinsa ɗaya da wanda ka kwashe.

Hajiyar Sabon Gari:
Ni fa ruwan ne ya tsaya mini a rai. Garin da mata ke tashi da asuba su jera bido a bakin pampo, garin da muke sayen ruwa wurin ƴan garuwa da tsada in bazara ta yi, a nan ne za a ware wa kwaɗo ruwa? Ba faɗa nake ba ɗana, amma a duba.

Mai Kifin Ado:
Hajiya, maganarki gaskiya ce, garinmu a kan dutse yake zaune, shi ya sa ruwanmu daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram. Amma a lissafa. Akwatinsa in aka zuba ruwa santimita 8 a rabinsa, bai kai lita 10 ba. Bido ɗaya mai lita 25 zai kai su sati. Tantabarun da muke kiwo ma suna shan nasu. Abin da zan ja kunnensa a kai shi ne ruwan ƴan garuwa: ya tambayi daga ina aka ɗebo. In rijiya ce mai zartsi ko ɗanɗanon kanwa, kada ya sa musu. Haka ruwan da aka jefa wa alif don ya kwanta. Ruwan batir da ake sayarwa a kwalba shi ma bai dace ba, an cire masa dukan ma'adinai.

Dattijon Birni:
Ina biye da ku tun ɗazu. Ni tambayata ta wani gefe ce. Shin tsare wannan halitta a cikin gilashi ba zalunci ba ne? Tun muna yara a makarantar allo aka hana mu jifan kwaɗo.

Almajirin Malam:
Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da aka koya muku yana da asali. Ya zo a hadisi cewa wani mai magani ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, game da sa kwaɗo a cikin magani, sai ya hana shi kashe shi. Game da tsarewa kuwa, malamai kan kawo hadisai biyu. Na farko na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Na biyu na ƙaramin yaron nan Abu Umair, ƙanen Anas, da yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, Annabi bai hana shi ba, har ya tambaye shi labarin tsuntsun. Daga nan da yawa suka ce riƙon dabba ya halatta in za a ba ta haƙƙinta na ci da sha da wurin zama. Ɗan uwanmu ma ba shi ya je ya kamo su ba, amana ce ta faɗo hannunsa. Allah ne mafi sani, kuma ya kyautu ya ƙara tambayar malamin unguwarsu.

Mai Tantabaru:
To ai shi ya sa na ce a sake su. In ba zai iya ba su sanyi ba, sakin shi ne haƙƙinsu.

Malamar SVT:
Malam Mai Tantabaru, niyyarka mai kyau ce, amma sakin kisa ne, kuma yana iya zama kisa biyu. Kwaɗinmu na nan an halicce su da dabarar rani. In tabki ya ƙafe suna shigewa rami ko ƙarƙashin ƙasa mai laima su lafe, burdudduginmu ma haka, sai ruwan farko ya sauka su fito. Waɗannan dabararsu ta sanyi ce, ƙanƙara suka iya ɓuya wa. Ka sake su a tabkin garin nan, ko dai rana ta kashe su, ko su bushe da tabkin.

Na biyun ya fi tsanani. Akwai wata cutar funfuna da ke kama fatar kwaɗi, masana na kiranta kitrid, an ba ƙwayarta suna a 1999. Tun da kwaɗo da fata yake sha, da ita kuma yake wani ɓangare na numfashinsa, in cutar ta kaurara fatar sai gishirin jininsa ya rikice, zuciya ta tsaya. Ta yi ɓarna mai yawa a Amurka ta Tsakiya da Ostareliya. Wani babban bincike na 2019 ya danganta ta da raguwar nau'i kusan 500 na kwaɗi da danginsu, 90 daga ciki ana zaton sun ƙare ƙaf. Wani binciken na 2018 ya bi diddigin ƙwayar ya kai ta gabashin Asiya, yankin Koriya. Shi wannan kwaɗon na Malam daga can ya fito, kuma an san yana iya ɗauke da ita bai nuna alamar ciwo ba. Fataucin dabbobin ado na cikin hanyoyin da suka yaɗa ta a duniya. Ban ce nasa na ɗauke da ita ba, amma ba mu da hanyar gwadawa a nan, don haka a ɗauka kamar suna da ita.

Ɗalibin Jami'a:
Malama, da izininki. Na karanta cewa ƙwayar ba ta jure zafi, in ya wuce digiri 30 ba ta yaɗuwa, a 37 kuma cikin ƴan sa'o'i take mutuwa. To anya za ta iya zama a tabkunanmu?

Malamar SVT:
Ka karanta daidai, ɗalibi. Zafinmu kariya ce babba. Amma ka tuna da ruwan da ba ya ƙafewa, irin na Gidimuni, da rijiyoyin garka na Mirya da kwarin Korama. Sa hannunka a ciki da asubar Janairu ka ji. Watanni uku na sanyi sun ishi cuta ta shiga. Kuma ba ita kaɗai kwaɗon waje ke iya kawowa ba, akwai wasu ƙwayoyin. Kwaɗinmu su ke cinye mana ƙwari a gonaki da garake, ba abin da za mu yi caca da shi ba ne saboda dabba uku. Har ruwan da Malam zai kwashe daga akwatin, kada ya tuttular a kwata. Ya zuba masa jabel kaɗan a wani bokiti daban, ya ɗan jima, sannan ya juye a masai.

Ɗan Garin Malam:
Na ji, kuma na ɗauki alkawari ba zan sake su ba. Na canza ruwan da wanda ya kwana. Amma wani abu ya faru da ya tsorata ni. Da na kama ɗaya zan fitar, sai ya sandare, ya banƙare baya, ya ɗaga hannuwa da ƙafafu sama har jan tafinsa ya bayyana. Na ce shi ke nan ya mutu. Bayan ɗan lokaci ya warware ya faɗa ruwa.

Likitan Dabbobi:
Lafiyarsa lau, Malam. Gargaɗi ya yi maka. Koren bayansa na ɓuya ne, jan cikinsa na tsoratarwa. In ya ga abin da zai cinye shi sai ya nuna jan, wato yana da dafi, mai hankali ya bar shi. Wani lokacin har kifewa yake ya kwanta rigingine. Dafin ba ya kashe mutum ta taɓawa, amma in ka shafa ido ko baki ko wani rauni da hannun, za ka sha raɗaɗi da hawaye da atishawa. Ban da dafin, kwaɗi na iya ɗaukar ƙwayar salmonela mai sa zawo da zazzaɓi. Don haka dokar gidanka ta zama: yara su kalla da ido, babu mai sa hannu. Kai ma sai dole. Kafin ka taɓa su ka ɗauraye hannu da ruwa zalla sosai, ya zama babu sabulu, babu mai, babu turare, babu taba, ka kama su da jiƙaƙƙen hannu. Bayan ka gama ka wanke da sabulu. Ya ma fi sauƙi ka kora su cikin ƙaramar roba mai murfi. Kyanwa ma a nisanta ta. Kada kuma ka haɗa su da kifi ko kwaɗon gida a akwati ɗaya, wani zai cutar da wani.

Malamar SVT:
Ƙarin bayani ga ɗalibai: daga fatar ɗan uwansa na Turai masana a Italiya suka fitar da wani sinadari a 1971, suka sa masa suna bombesin. Daga baya aka gano jikin mutum na da makamancinsa da ke aiki a ciki da ƙwaƙwalwa. Har yau ana amfani da shi a binciken ciwon daji.

Ƴar Mirya:
Ba a yi maganar abinci ba fa, kuma shi ya fara tambaya. Fara za a ba su? Ga ta nan a Kasuwar Dole buhu-buhu.

Likitan Dabbobi:
Ƙanwata, ban da farar kasuwa. An dafa ta, an busar, wata da gishiri da yaji. Su abin da ke motsi kawai suke ci. Harshensu ma ba ya fita waje irin na kwaɗinmu, tsalle suke yi su cafka da baki, su tura da hannuwa. Abincin da ya fi shi ne ƙananan gyare, da tana a yanka ta gunduwa-gunduwa, da ƴaƴan fara masu rai, da ƴan ƙwarin da ke taruwa a fitila masu taushin jiki, da shinge in damina ta zo. Ma'auni: kada ƙwaron ya fi faɗin kan kwaɗon. Manya ne, don haka sau biyu ko uku a sati ya isa, kowane ya samu ƙwaro uku ko huɗu. Suna da haɗama, in aka biye musu sai su yi ƙiba, ka kuma lura kada mai ƙarfi ya cinye na sauran. Da rana suke kai-komonsu, saboda haka da safe ko la'asar za ka ba su, ka ga kowa ya ci. Abin da ya rage ko ya faɗa ruwa ya mutu a tsame shi.

Ban da tururuwa da cinnaka, ban da buzuzu mai taurin baya, ban da hangara, ban da kyankyason bayan gida. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ƙwarin garka, domin manomanmu na fesa magani sosai a kan tumatir da kabeji da salati. Ƙwaron da ya sha feshi bai mutu ba, shi zai kashe maka kwaɗo.

Ƴar Mirya:
Likita, garkar mahaifina akwai gefen ayaba da ba a taɓa fesawa ba, tana na nan cikin laimar ko da rani. Yaya Ɗan Garin Malam, Mirya ai ba nisa, kilomita 18 ce. In kana so in sa a haƙo maka da ƙasarta a bokiti, ka ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa kana zuba ɓawon kayan miya, za su yi ta haihuwa.

Ɗan Garin Malam:
Allah ya saka da alheri ƙanwata, ina so. Gyare kuma yara sun ce aikinsu ne, akwai su bayan ɗakin kaji.

Likitan Dabbobi:
Madalla, in dai ba ka fesa wa ɗakin kajin magani ba. Gyaren da aka kamo a tsare su kwana ɗaya ko biyu a roba mai huji, a ba su karas da kabewa da ganyen zogale da ɗan dusa. Abin da gyare ya ci shi kwaɗo zai samu. Jan cikin nan ma daga abinci yake, shi ya sa waɗanda aka haifa a gida aka ciyar da abinci iri ɗaya cikinsu kan fito rawaya-rawaya. Sai alli na ƙashi, wato kalsiyam. Gyare ba shi da isasshe, in aka daɗe a kansa kaɗai ƙashin kwaɗo na laushi, muƙamuƙi ya saki, ƙafafu su karkace, kuma in ya kai haka gyaran da wuya. Akwai garin da ake yi musamman mai haɗe da bitamin D3, in kana da mai zuwa Kano ko Yamai ka sa a duba maka wurin masu kayan dabbobin ado. Kafin nan, dafa ɓawon ƙwai, busar, daka shi ya yi laushi kamar hoda, ka tankaɗe. Jefa gyaren a leda da ɗan garin ka girgiza kafin ka ba su, sau ɗaya ko biyu a sati.

Hajiyar Sabon Gari:
Tun da dai an ce fatarsu na shan komai, to maganin sauro fa? Da turaren wuta? Don na san uwargidansa ba za ta bar turare ba.

Likitan Dabbobi:
Hajiya kin taɓo babbar magana, na gode. Ɗakin da suke, ban da feshin sauro, ban da igiyar leƙo, ban da fiya-fiya ko kusa da ƙofa. Hayaƙin turare da na gawayi ma a nisanta. In dole sai an fesa wa gidan, a fitar da akwatin, kada a mayar sai ɗakin ya sha iska sosai.

Ɗan Garin Malam:
Jama'a barkanmu da war haka. Ga labarin bayan kwana biyu. Suna cin tana sosai. Na sayi ma'aunin zafi na sa a ruwan. Da asuba yana nuna 20, amma da azahar a ɗakin tol ɗin ya kai 27, ga shi Fabrairu bai ko raba ba. Sannan da dare ɗaya na yin wani ɗan kuka a hankali, uu, uu, yana kuma rungumar ɗan uwansa ta ƙugu. Wani kuma na ga yana ta hamma yana shafa jikinsa da ƙafa.

Malamar SVT:
Mai kukan namiji ne, mata ba sa wannan kiran. Abin sha'awa, yawancin kwaɗi da fitar da iska suke kuka, su waɗannan da shaƙa suke yi, kuma ba su da jakar maƙogwaro mai kumbura, shi ya sa muryar ba ta da ƙarfi. Rungumar ta neman aure ce, kuma ba ya tantancewa, in namiji ya kama sai wancan ya yi ƙara ya girgiza jiki a sake shi. Mai hamma kuwa saɓa yake yi, yana tuɓe tsohuwar fata ya cinye ta. Duk alamun lafiya ne. In ka wayi gari ka ga ƙwai manne da dutse, shawarata kada ka bari su ƙyanƙyashe, cikin sati za ka ga talibambam, bayan wata biyu kwaɗi da yawa, ga uku ma ana neman yadda za a yi da su. Amma 27 a Fabrairu ita ce maganar. Lokaci ya yi da za a yanke shawara.

Dattijon Birni:
Ɗana, fitar da su daga ɗakin tol tukuna. Ku yaran yanzu kun bar ginin ƙasa. Soron gidanmu na Birni, bangonsa ya kai kamu biyu, da tsakar ranar bazara in ka shiga sai ka ji kamar an yayyafa maka ruwa. Ka nemi ɗakin ƙasa, ka ajiye su a ƙasa, nesa da taga, kusa da randa.

Ɗalibin Jami'a:
Maganar Baba ta tuna mini da tukunya cikin tukunya, wadda Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ya samu kyautar Rolex a 2000. Ana sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen buhu. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa shi ke janye zafin. Me zai hana a yi wa akwatin haka, a zaunar da shi cikin faffaɗan kasko mai jiƙaƙƙen yashi, a lulluɓe gefunan da jiƙaƙƙen buhu?

Mai Kifin Ado:
Dabarar na aiki, nakan yi wa kifina makamanciyarta. Fanka ma in tana hura saman ruwa tana rage digiri 2 ko 3. Akwai kuma gorar ruwa da aka daskarar a firigo, a rufe ta gam a sa a gefen ruwan, in ta narke a canza. Sai dai a yi hattara, faɗuwar zafi farat ɗaya da hawansa farat ɗaya su ma suna jigata su, kada a zuba ƙanƙara tsirara. Amma in faɗi gaskiya, ɗalibi, dabarar yashi da busasshiyar iska take aiki. Maris da Afrilu za ta taimaka sosai. Daga tsakiyar Mayu zuwa Yuni, lokacin da iskar damina ta fara shigowa, ga zafi ga gumi, ruwa ba ya bushewa, randa ma kanta ba ta sanyi kamar da. Dare kuma ba ya sauka. Kifina na ƙasashen zafi ne, suna jure 30. Waɗannan ba za su jure sati-sati a haka ba. Ga ƙanƙara na tsada a lokacin, ga kuran na yawan ɗaukewa.

Likitan Dabbobi:
Ina tare da Mai Kifi. Kuma ga wanda ke karanta mu yana sha'awar ya sa a kawo masa irinsu daga waje, ni ban ba shi shawara ba, sai in yana da ɗaki mai sanyi da ba ya yankewa. Waɗannan ukun dai sun riga sun zo. Malam, alamun da za ka sa wa ido: ƙin cin abinci, yawan hawan gilashi ba hutawa, kwanciya sharaf, kumburin jiki, ko ja a cinyoyi da ba na halitta ba, wanda ke nuna ƙwayar cuta ta shiga jini. Zafi da ƙazamin ruwa ne ke buɗe mata ƙofa. Launin baya kuwa in ya yi duhu yau ya washe gobe, wannan ba ciwo ba ne. Ga shawarata: ɗakin ajiyar magungunanmu na da kilim da fanon sola da batir, dole ya zauna ƙasa da digiri 25 dare da rana. Ba zan sa su cikin magani ba, amma akwai ɗan lungu a ofis ɗin da ke jikinsa, sanyin na kaiwa. Ka riƙe su a ɗakin ƙasa da dabarar yashi muddin ma'auninka bai wuce 26 ba. Ranar da ka ga ya kwana biyu yana taɓa 27, ka kawo su, su zauna har ruwa ya zauna sosai a Yuli. Abinci da canjin ruwa naka ne.

Ɗan Garin Malam:
Likita, ban san da bakin da zan gode maka ba. Baba Dattijo, akwai ɗakin ƙasa na mahaifiyata a cikin gida, ta yarda, ta ce a dai rufe su da kyau kuma turarenta za ta koma yi a rumfa. Gobe in sha Allahu zan kai su, in sayo kaskon a kasuwa. Tambaya ta ƙarshe: ranar da zan kawo su wurinka, yaya zan ɗauko su? Da akwatin a kan kabu-kabu?

Mai Kifin Ado:
A'a Yaya, gilashi da ruwa da duwatsu a kan babur, ko ya fashe ko dutse ya danne ɗaya. Sa su a roba mai murfi da ƴan huji, ka shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta a ƙasa, babu ruwa kwance. Nannaɗe robar da jiƙaƙƙen zane, ka fita bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga. Akwatin a kwashe komai a ɗauko shi daban a adaidaita. Ka kira ni ranar in zo in kama maka, in taho da bidon ruwan da ya kwana.

Ƴar Mirya:
Yaya, tanar da na aiko ta kusa ƙarewa ko in ƙaro ranar Lahadi? Ranar kasuwarmu ce, motoci na da yawa.

Ɗan Garin Malam:
Ƙaro ƙanwata, rabin bokiti ya isa. Zan sa yaro ya jira a tasha.